Akushin Inna a Talatar Maiƙo

Ikko, bakin teku, ƙarshen rani

Zuwa ga yayata Turai, ɗiyar Mani na Darini, wadda aka ce mini yanzu tana aure a Runka.

Gaisuwa mai yawa, da so, da bege. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni lafiyata lau, sai ƙafa ɗaya da take ɗan ja idan an yi ruwa.

Yaya, ki samu wuri ki zauna kafin a ƙarasa karanta miki. Ni ne Daudu, ƙanenki, wanda mahayan Maraɗi suka ɗauke a bayan gari yana kiwon awaki, shekarar da aka ƙone rumbunan Darini. Ban mutu ba. An yi ta sayar da ni hannu zuwa hannu har na iso inda ƙasa ta ƙare. A nan wani tsoho masassaƙi ya fanshe ni, ya koya mini sana'arsa, ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa har ya rasu. Yanzu ina da mata, sunanta Kande, 'yar ƙasar Zazzau ce da aka kawo yadda aka kawo ni. Muna da ɗiya biyu mata. Furfura ta fara fito mini, ki yarda ko kar ki yarda.

Ga yadda na samu labarinki. Na je zangon fatake gyaran wata ƙofa, sai na ji wani yana zagin jakinsa da irin zagin da ban ƙara ji ba tun barina gida. Na ajiye gizago na ce masa, "Bawan Allah, kai daga ƙasar Katsina kake." Ya ce daga Batsari. Sunansa Madugu Armaya'u, kanwa yake kawowa duk shekara ya koma da goro. Ya san Darini, ya san ki. Shi ya faɗa mini Baba ya rasu, Inna ma ta bi shi. Na zauna a kan kayan kanwarsa na yi kuka gaban mutane, ko kunya ban ji ba.

Rubutun nan nawa ne, ɗan abin da na riƙe daga allo, saboda haka mai karanta miki ya yi haƙuri da shi. Idan kina shakkar ko ni ne, to ni ne wanda Inna take kira Jinjiri har na isa kiwo, ke kuma kina jan kunnena in na ƙi amsawa. Ki aiko mini ko da kalma ɗaya ce ta hannun Madugu.

Ƙanenki, Daudu.

*

Runka, bayan an shigar da hatsi

Zuwa ga Jinjiri.

Ni Turai nake faɗa, maigidana Malam Sammani yake rubutawa, kuma na ce kar ya gyara mini magana.

Lafiyarmu lau, alhamdu lillahi. Gero ya yi bana, dawa ce dai tsuntsu ya taɓa. Yara sun girma, har na aurar da biyu. Ina gaida Kande da ɗiyana da kyau.

Ranar da Madugu ya kawo takardarka ina tankaɗe. Da Malam ya kai wurin jan kunne, ban san lokacin da na kifar da garin ba. Na fita tsakar gida ina guɗa, maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu. Na ce ni aka haifa wa ƙane, da furfurarsa.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Ka tuna baƙin akushinka mai tsaga a baki, wanda ka sako daga kan rumbu? Tun yammacin da aka ɗauke ka, Inna ba ta taɓa kwashe tuwo ba sai ta zuba rabonka a ciki. Ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofa. In an yi magariba ba ka shigo ba, sai ta ba duk wanda Allah ya kawo, baƙo ko makiyayi. Shekarar yunwa ma, da muka koma cin ganyen tafasa, sai ta ɗiba daga nata ta sa maka. Baba ya yi faɗa har ya gaji. Mutane suka ce a yi maka sadakar mamaci a huta, ta ce ita ba ta ga gawa ba. Da ciwonta ya yi tsanani sai ta miƙo mini akushin, ta ce, "Turai, kar yaron nan ya dawo ya tarar ba a sa da shi ba." Na taho da shi Runka, ban kuwa fasa ba. Yanzu wata tsohuwa makauniya maƙwabciyarmu, Kaka, ita ke cinye rabonka, har ta yi kumatu.

To kai fa, me kuke ci a can? An ce ruwanku duk gishiri ne. Kana samun jam'i? Azumi yana zo muku daidai da namu? Ka tattara matarka da yara ka biyo Madugu, gonar Baba tana nan ba wanda ya taɓa.

Yayarka, Turai.

*

Ikko, ƙarshen rani

Yaya Turai,

Gaisuwa da godiya, gare ki da Malam Sammani da ya sha wahalar rubutu. Mu duka lafiya. Ƙaramar ɗiyar ta yi tari amma ta warke. Takardarki na karanta wa Kande har ta iya ta da ka.

Kin tambaye ni jam'i da azumi, ba zan yi miki rufa-rufa ba. Tsohon da ya fanshe ni mai bin Almasihu Isa ne, cikin mutanen da ake kira Aguda, bayin da aka kai ƙetaren teku suka dawo. Bai tilasta mini ba. Na daɗe ina kallon zamansa da mutane, daga baya na bi shi. A gida abin da za ku kira ni shi ne Nasara, ni da Kande da yara.

Mu ma muna da azumi, na kwana arba'in, amma ba irin naku ba. Ana ɗan ci, sai dai babu nama, babu mai, babu ƙwai. Talatar da za a wayi gari a shiga, ita muke ce wa Talatar Maiƙo. Duk abin da yake da maiƙo a gida sai an ƙarar da shi ran nan, ba a ɓoye ko ludayi ɗaya don gobe. A buɗe ƙofa, mai wucewa ya shigo ya ci, ba a tambayarsa daga ina yake. Washegari a tafi majami'a, limaminmu ya shafa wa kowa toka a goshi, don mu tuna daga ƙasa muke.

Na sha tambayar tsohon, don me za a ƙoshi ana gobe yunwa? Ba gara a fara saba wa ciki ba? Sai ya ce, "Don kar ka zaci da yunwarka kake sayen ƙaunar Allah. Ci tukuna, ka san an riga an so ka, sannan ka yi azumin godiya." Ina jin maganar, amma ba ta zauna mini ba. Wanda aka yi ta cinikinsa a kasuwa, da wuya ya yarda akwai abin da ake ba mutum haka kawai. Sai da takardarki ta zo. Ina can ɗaure da igiya a hanyar Nufe, ban tsinana wa kowa komai ba, daga baya har fuskar Inna na fara mancewa, ita kuwa tana nan tana zuba mini tuwo. Ban roƙa ba, ban sani ba, ban ci ba, ba ta kuma fasa ba. Na ce ashe abin da tsohon yake nufi ke nan, ashe haka Allah yake da mu.

Jiya aka yi Talatar ta bana. Kande ta soya ƙosai da kifi, na yanka kaji, masu dakon bakin ruwa suka cika mana gida. Ban taɓa yin ta da farin ciki irin na bana ba. Abu ɗaya ya rage mini. Nan ko'ina manja ne, ja wur. Da zan samu tuwon dawa da man shanu yana narkewa a kai, ko sau ɗaya a irin wannan rana, da na ce na je gida.

Zuwa kam, ƙafar nan ba za ta kai ni ba, kuma ban san yadda Runka za ta dube ni ba. Tambaya ɗaya gare ni, ina kuma jin tsoron amsarta. Yanzu da kika sani, za a ci gaba da sa rabona?

Daudu.

*

Ikko, shekara ta zagayo

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Mu muna nan lafiya.

Ayari ya iso, ban ga Madugu Armaya'u ba. Wani bafatake da ban sani ba ya zo inda nake aiki, ya miƙo mini ƙunshin tsumma, ya ce a Ilori aka ba shi, a kai wa Daudu masassaƙi. Na kwance na ga akushina, da tsagarsa. Wankakke ne tas, ba komai a ciki. Na tambaye shi takarda, ya ce babu. Na tambaye shi saƙon baki, ya ce shi ba a gaya masa komai ba.

Na daɗe da barin gida, amma ban mance ba. Ko maƙwabciya ce ta aiko da miya, Inna ba ta mayar da ƙwaryar haka nan, sai ta jefa ko 'yar gyaɗa ce. Ta ce ba a mayar wa mutum ƙwaryarsa wofi sai in an gama da mutumin. Na gane, Yaya. Ba na jin haushinki. Kin riƙe amanar Inna shekaru da yawa saboda ƙanen da kika sani, sai ga shi wani ne ya rubuto. Na gode da kika aiko mini da shi ba ki fasa shi ba.

Ya iso ana saura 'yan kwanaki Talatar Maiƙo. Mun buɗe ƙofa yadda muka saba, mutane sun ci sun ƙoshi, ni dai ko loma ban kai baki ba. Kande ta yi ta kallona, na ce mata ciki ne. Washegari da aka shafa mini toka, ita ce kaɗai na ji ta dace da ni.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da na rubuta miki bara. Na ɗora fahimtata duka a kan akushin nan. Idan rabon da Inna ta sa yana iya ƙarewa, to ban san me na fahimta ba. Ina addu'a, amma baki kawai ke yi.

Roƙo ɗaya zan yi. Kar ki yanke wa tsohuwar nan Kaka tuwonta saboda ni, ita ba ta yi komai ba. Wannan bafataken ya ce zai biya ta Batsari, shi na ba takardar.

Daudu.

*

Runka, bayan girbi

Jinjiri, kai dai har yanzu kunnenka yana neman ja.

Turai ce. Malam Sammani ke rubutawa, za ka ji dalili. Lafiyarmu lau, Kaka ma tana nan, kumatunta ba su faɗa ba.

Wa ya gaya maka wofi na aiko shi? Ni ɗiyar Inna ce zan aika akushi wofi? Bari ka ji daga farko.

Da takardarka ta Nasara ta zo, ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka kamar ran da aka ɗauke ka. Na wanke akushin na kife shi a kan danga. Malam ya ce hannun da yake rubuta ayoyi ba zai rubuta maka gaisuwa ba. Ana nan sai ga Kaka da sandarta, ta ce, "Turai, ɗan Darini ya daina rage mini ne?" Na ce, "Kaka, ya bar hanya." Ta ce, "To, cikin nasa ma ya bari?" Na tsaya ina tuna maganar Inna. Ba ta ce in ya dawo da salla ba, cewa ta yi in ya dawo. Yammacin nan na sauke akushin na zuba.

Kar ka zaci na ji daɗi. Ban ji ba, ba kuwa zan ji ba. Duk salla sai na roƙa maka shiriya, in ka so ka ji haushi. Amma wannan tsakanina da Ubangijina ne, tuwo kuwa tsakanina da Inna ne.

Ka ce kana marmarin man shanu. Damina guda ina zuwa rugar wani Bafulatani, Yero, a wajen Safana, ina ba matansa gero suna ba ni mai. Na soya shi don kar ya lalace, na cika tandu, na zaunar da tandun cikin akushin, na ɗaure da zanen Inna. Tsumman da ka ce ka kwance, zanenta ne, mara lura kawai. Tunda babu mai rubuta mini, na ce ai akushi da mai sun isa magana, ko jaki ya gani ya san ci ake nufi. Na kuma gaya wa Madugu da baki, ya ce maka ka ci a Talatarka.

Ashe wajen ƙetare kogin Kwara jakin ya zame, kaya suka warwatse, ruwa ya tafi da tandun, akushin ne da zanen suka taso aka kamo. Masassara kuma ta kwantar da Madugu a Ilori, ya miƙa wa wani akushin ba tare da ya yi masa bayani ba. Ya dawo gida kunya ta hana shi zuwa Runka. Da takardarka ta bayan nan ta zo, da ƙafata na tafi Batsari, na tarar da shi a ƙofar gidansa, na faɗa masa abin da ba zan sa Malam ya rubuta ba.

Malam kuwa, shi ya karanta mini takardar. Da ya kai inda ka ce kar a yanke wa Kaka tuwo, sai ya ajiye ta. Ya tashi ya shiga zaure, can sai ga shi da tawada da alƙalami, ba wanda ya roƙe shi.

Tun yammacin da Kaka ta yi mini magana, rabonka ban daina sawa ba ko yini ɗaya, a ƙwarya nake zubawa tunda akushin yana hannunka. Ga tandu biyu na aiko, kowane a jakinsa daban, in Kwara ta ci ɗaya ta bar maka ɗaya. Ka kuma faɗa mini a wane wata Talatar taku take faɗawa, ina da dalili.

Yayarka, Turai.

Daga ni Sammani. Surukina, ban yarda da hanyarka ba, kai ma ka sani. Amma da na rubuta bara, da ba ka kwana da wannan baƙin ciki ba. Ka yafe mini. Ina gaida iyali.

*

Ikko, washegarin Talatar Maiƙo

Yaya Turai, da Malam,

Gaisuwa mai tarin yawa. Lafiyarmu lau. Malam, babu abin yafewa, amma na yafe, ni ma a yafe mini zaton da na yi. Madugu Armaya'u ya iso da kansa, da tandu biyu, ya ce a kafaɗarsa ya ƙetare Kwara da su don tsoron bakinki.

Da tokata a goshi nake rubuta miki. Jiya Kande ta samo dawa a zango, ta daka, ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Ta kwashe na farko cikin akushin, ta ɗora mai, na zauna ina kallonsa yana narkewa yana bin tsagar nan. Yaya, tun ina yaro ake zuba mini wannan tuwo, sai jiya na ci rabona. Na ci ina hawaye, yara suna mini dariya wai Baba ya sha yaji. Zanen Inna na shimfiɗa na zauna a kai. Da na dube shi da kyau na gane shi, wanda take gammon tulu da shi ne in za ta rafi.

Da na ƙoshi aka sake cika akushin, aka yi ta cikawa, masu dako da maƙwabta da Madugu kansa duk sun ci a ciki. Kar ki yi faɗa, tandu biyun nan duk sun ƙare jiya, har na sa yatsa na suɗe. Na san wahalar damina guda ce ta tafi a yini ɗaya, amma haka ranar take, ba a rage komai.

Bara na duba abin da ya iso hannuna, ban tuna da hannun da ya ɗaure shi ba. Kogi ya ci man, ni kuma na ce ƙaunar ce ta ƙare. Ina jin haka muke yi wa Allah kullum. Mu ga akushi ba komai, mu ce ya gama da mu, alhali cike ya aiko shi, kuma yana can yana zuba wani. Azumin da na shiga yau, akushin zai zauna wankakke har mu fita, kuma bana ba zai ba ni tsoro ba.

Kin tambayi wata. Ba ta bin wata ɗaya cikin naku, limamanmu ne suke lissafa ta, ni ban iya ba. Abin da na sani, tana zuwa ne lokacin da sanyi ya karye, daidai sa'ad da ɗorawa ke fure a gida, jajayen nan da muke tsinka muna tsotsa. Wace Talata ce a ciki, sai ta matso ake faɗa mana, ayari kuwa ba zai kai miki labari kafin ta wuce ba.

Ba ya kyautu rabona ya zauna a ƙwarya alhali ni masassaƙi ne. Ga sabon akushi na sassaƙa da hannuna. Na cika shi da goro har baki, na kuma ɗinke takardar nan a jikin ƙunshin.

Jinjirinki.

*

Runka, an fara sanyi

Jinjiri,

Lafiya lau muke, ina gaida Kande da ɗiyana. Akushi ya iso da goronsa, ban da wanda Malam ya ce ɗanɗanawa yake yi. Kaka ta shafa shi ciki da waje, ta ce wannan ya fi wancan zurfi, Allah ya yi wa ɗan Darini albarka.

Tandu biyu a yini ɗaya! Da ina kusa da ka ji a kunnenka. Ga wasu biyun nan na ba Madugu.

Tunda babban mutum kamarka bai san ranar bikinsa ba, ga abin da na yanke. Akwai ɗorawa a bayan gidanmu. Daga ranar da ta yi fure har ta zubar, kowace Talata tuwon dawa zan tuƙa, in sa man shanu, in zuba a akushinka, ni da Kaka mu sa hannu tare. Malam ya ce wannan ba idinmu ba ne. Na ce ni ba idi nake yi ba, tuwo nake ci da ƙanena. Ya ce to a riƙa sa masa nasa da mai shi ma.

Cikin Talatun nan dole ɗaya ta faɗa a kan taka, ko ban san wacce ba. Ranar, in rana ta yi sanyi, ka ɗauko akushin Inna. Ka wanke hannu, Jinjiri, an sa da kai.

Yayarka, Turai.